Kujera Uku a Motar Zariya

Asabar. Aikin farko: kai akwati wurin mai gyaran makulli. An yi.

Assalamu alaikum, 'yata.

Ina gaishe ki, ko da yake bango ɗaya ne tsakaninmu, har ina jin motsinki kina cusa kaya a jaka. Allah ya kai ki Zariya lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki a makarantar koyon jinya. Daga littafin da nake rubuta ayyukana na kullum zan yage waɗannan shafuka, shi ya sa kika ga maganar makulli a sama. Ban iya fara rubutu ta wata hanya ba.

Kwana biyu ke nan ba ki yi mini magana ba sai gaisuwa, kuma ba ki yi laifi ba. Bari in rubuta abin da ya faru yadda ya faru, don kada in rage wa kaina nauyi. Ranar Alhamis kawunki, Yaya Bukar, ya zo ya zauna a tsakar gida ya ce, "Ni zan kai ta da motata. Ni da uwarta. 'Yar hayar nan ta yi sallama da ita a zaure, ya wadatar. Ba na son a je makaranta a fara tambayar wace ce wannan."

Na ce, "To, Yaya."

Ngozi, wadda ya kira 'yar haya, tana kicin tana soya miki cincin ɗin tafiya. Na ji cokali ya tsaya a cikin kasko, can kuma ya ci gaba. Da Yaya ya fita kika dube ni kika ce, "Iya, da Kawu ya ce uwata, wa yake nufi a cikinku?" Ngozi ce ta leƙo, ta kira ki da sunan lallashin da take miki da yarensu, ta ce, "Nne, ƙyale ta. Zo ki ɗanɗana, sukarin ya ji?"

Wannan "To, Yaya" ba ranar Alhamis na fara faɗinta ba. Shekara goma sha bakwai nake faɗinta ta hanyoyi daban-daban, kuma ina so ki san su kafin ki tafi, don kada ki ɗauki halina ki sa a akwati tare da kayanki.

Kin san babanki Modu ya rasu kina da shekara ɗaya da rabi. Mutumin kirki ne, ban taɓa samun abin faɗa a kansa ba, Allah ya ji ƙansa. Bayan na fita takaba na koma aikin buga tafireta a Sabon Gari, kuma shagon ɗinkin Ngozi yana kallon ofishinmu. Na kai mata ɗinki, na dawo da shi sau uku ina cewa hannun dama ya fi na hagu tsawo. A karo na uku ta ɗauko tef ta auna a gabana ta ce, "Akawu, rigar lafiyarta ƙalau. In hira kike so, ga kujera." Tun ranar take kirana Akawu.

Bayan wata shida ta dawo gidan nan na Fagge da sunan haya. Wata Juma'a muka sayi turmin atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ta shimfiɗa a tabarma, ta sa almakashi ta raba biyu, yadi uku nata, yadi uku nawa. Ba liman, ba fasto, ba goro, ba shaida sai ke, kina zaune kina tauna tef ɗin awonta. Ta ce, "Ke da kike rubuta komai, rubuta wannan." Na buɗe littafi na rubuta, "Juma'a. An raba atamfa." Iyakar abin da hannuna ya yarda ya rubuta ke nan. A wurinmu aure ne, kuma har yau haka yake. Na san kin daɗe da ganewa, amma ban taɓa faɗa miki ba, kuma bai kamata ki bar gidan nan ba tare da kin ji daga gare ni ba. Na san abin da malamai suke faɗa, na san abin da doka take faɗa. Ina salla, ina azumi, ina roƙon Allah kamar kowa, kuma ban san yadda hisabina zai kasance ba. Ba zan yi miki ƙaryar cewa na sani ba. Abin da na sani shi ne wadda ta raine ki tare da ni.

Kuskurena na farko a washegarin ranar na yi shi. Na juya bayan littafin na jera dokoki. Ba za mu fita gida tare ba, sai ɗaya ta ba ɗaya rata. Ɗakin haya kullum a buɗe ƙofarsa da safe, a rataya tawul a kai. Atamfar nan ba za mu taɓa ɗaura ta rana ɗaya ba. Ke kuma in za ki kira ta, Mama a cikin gida, Anti a waje. Ngozi ta karanta ta ce, "Saura ki sa hannu da hatimi." Ta yi dariya, amma ta bi. Wasu dokokin sun tsare mu, ba zan musa ba. Amma ban taɓa komawa na duba wace ce har yanzu take da amfani, wace ce ta zama cuta ba. Kullum ƙarawa nake yi. Ke kuma za ki shiga wurin da sai da taka-tsantsan, kuma ina so ki yi shi. Sai dai duk dokar da kika kafa wa kanki saboda tsoro, ki riƙa komawa kanta lokaci-lokaci, ki tambayi kanki wa take karewa, wa kuma take ci.

Na biyu kina da shekara biyar. Mun je Kantin Kwari sayen kayan salla, ni da ke muka fara isa, ita ta same mu a shagon wani Alhaji abokin Yaya kamar haɗuwa muka yi. Kika hango wata atamfa kika ja zanen Ngozi kika ce, "Mama, ga mai tsuntsu."

Alhajin ya yi dariya ya ce, "Ke kuma iyaye nawa gare ki, 'yar Barebari?"

Kika ɗaga yatsu kika ce, "Biyu."

Na kai hannu ta ƙarƙashin mayafi na mintsine ki a cinya, na ce, "Anti za ki ce." Ba ki yi kuka ba, kallona kawai kika yi. Shatin ya kwana uku. A gida Ngozi tana shafa miki man zafi ta ce, "Akawu, yaran Kano kowace mace Mama suke ce mata, har mai ƙosai. Alhajin wasa yake. Duk shagon nan ke kaɗai kika ji wani abu." Gaskiyarta. Na hukunta ki a kan gaskiyar da kika faɗa, saboda abin da yake cikin kaina ni kaɗai. In kika ji tsoro ya taso miki, ki dubi fuskokin mutanen da suke wurin tukuna. Sau da yawa ba kowa yake kallonki ba. Kuma kada ki taɓa sauke tsoronki a jikin wanda ya fi ki rauni, ko ɗanki ne, ko majinyacin da ba ya iya tashi.

Na uku shi ne ya fi yi mini wuyar rubutawa. Ke 'yar fari ce, kuma kin san al'ada: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu. Haka Iyata ta yi wa Yaya Bukar har ta koma ga Allah. Ni ma na ɗauka, kuma kowa ya yaba mini kunya. "Ke." "Yarinyar nan." "Wance." Da su na raine ki. Amma Iyata tana da dangi cike da gida masu kiran sunan ɗanta a madadinta. Ke mutum biyu gare ki, ɗaya ba ta kiran sunanki, ɗaya kuma an hana ki kiranta uwa a waje. Ban ga haka ba sai ranar da taifod ya kwantar da ke kina da shekara takwas.

Da hantsi muka kai ki asibiti, ita ta goya ki, ni ina biye da kati da filas. Ma'aikaciyar jinyar ta ɗago ta ce, "Wace ce uwar?"

Na ce, "Ni ce."

"Sunan yarinyar?"

Jikinki kamar garwashi, ana jiran kalma ɗaya, ni kuma ina tsaye ina jin kunya. Ngozi ce ta faɗi sunanki da na babanki, ta faɗi ranar da zazzaɓin ya fara, da abin da kika ci, da sau nawa kika yi amai. Matar ta rubuta duka, sannan ta ce, "To madam, ke a waje za ki jira, dangi kawai." Ngozi ta dube ni. Da na ce ƙanwata ce, ko na ce tare muke, da an bar ta. Na ce, "Maƙwabciya ce." Kwana shida tana zaune a benci a baranda, tana miƙo kunu ta taga. Kina farkawa kina cewa Mama, ni kuma ina cewa ga ni, kina juyar da kai.

Al'adar ba ta da laifi a wurin waɗanda suka yi ta da zuciya ɗaya. Ni laɓewa na yi a bayanta. Na saba ɓoye abin da nake so har ya zama ko ke ban iya nuna miki ba, sai na sa wa abin suna kunya. Ga ki za ki zama ma'aikaciyar jinya. In kin tambayi wane ne dangin mara lafiya, ki rubuta abin da aka faɗa miki, amma ki dubi wanda ya san sau nawa aka yi amai. Kada ki tura shi baranda in kina da yadda za ki yi.

Na huɗu kin gan shi da idonki, bara ne. Sojoji sun koma bariki, muna murna an samu sauƙi, sai aka shiga maganar ƙaddamar da shari'a, gari ya cika da jita-jita. A ofis ana cewa za a bi gida-gida, a layinmu ana cewa an fara rubuta sunaye. Ban ga wanda aka rubuta ba, amma na daina barci sosai. Mutanen Sabon Gari da yawa suna ɗaure kaya suna bin manyan motoci zuwa kudu, har da yayanta Emeka da iyalinsa. Na zauna na tsara komai a takarda, sannan na ce mata ta bi su, na ɗan lokaci.

Ta ce, "Kudu wurin wa? A Sabon Gari aka yanke mini cibi. Hausata ta fi taki, ke da kike cewa 'kashi' in kina nufin 'ƙashi' in kin gaji."

Na ce don lafiyarta ne.

Ta ce, "Don lafiyata, ko don ki samu barci?"

Ba ta bi motar ba. Ta ɗauki keken ɗinkinta ta koma ɗakin bayan shago, wata biyar tana kwana a kan tebirin yanka. Ni kuma na samu wata mata ta zo ta duba ɗakin haya, don a ga da gaske haya ce. Ke ce kika tashi daga makaranta wata Laraba, kika wuce shagon da kayan makarantarki, kika ce ba za ki ci abinci a Fagge ba sai ta dawo. Ta dawo saboda ke. Ni ban taɓa ba ta haƙuri da baki ba. Na gyara mata gado, na saya mata sabon almakashi, na rubuta a littafi, "Laraba. Ta dawo." Ta karɓi almakashin ta ce, "Na gode, Akawu," kuma tun ranar akwai wata dariya tata da ban sake ji ba.

Kada ki yanke wa wanda kike so hukunci ke kaɗai sannan ki ce don shi kika yi. Ki zauna da shi ku ji tsoron tare, ku yanke tare. In kuma kin yi laifi, ki buɗe baki. Kyauta ba ta zama ban haƙuri.

Yanzu maganar makaranta. Ba na so ki karanta wannan ki ɗauka cewa nake ki je ki bayyana mu. Haɗarin gaskiya ne, kuma ita zai fi samu, don ni ina da dangi a garin nan, ita yanzu ba ta da kowa sai mu. 'Yan ɗakinku za su tambaye ki gida. Ki ce kina da Iya da kuma Mama wadda ta raine ki, ba ƙarya a ciki, kuma gidaje da yawa haka suke. Abin da ya wuce wannan naki ne, ki riƙe har sai kin san mutum ciki da waje. Za ki ji ana zagin irinmu a hira, wataƙila daga bakin wadda kike ƙauna. Ba sai kin yi faɗa ba, ba kuma sai kin taya dariya ba. Tashi ki ɗebo ruwa. In wani ya zo neman aurenki wata rana, ki lura da yadda yake gaishe ta. Ki riƙe sallarki. Kin san wadda take zaunar da ke ki biya haddar Islamiyya tana bi da yatsa a kan abin da ba ta iya karantawa, ta kuma tashi ranar Lahadi ta tafi cocinta. Kada wani ya ce miki ba ta san Allah ba. Ki riƙa cin abinci kafin ki shiga aiki, kin san jiri yana ɗibar ki. Maganin sauro yana aljihun akwati na gefe.

Da na yi niyyar in ce ki ƙona takardar nan in kin gama. Na rubuta, na soke. Kin girma, ke za ki duba ki ga ko akwai inda za ki ajiye ta. In babu, ki ƙona, ba zan ji haushi ba.

Ga inda nake a yau. Sau biyu na je shagon Yaya a Kwari don in ce masa ya bar motarsa. Na farko na gaishe shi, na tambayi ƙafarsa, na fito. Na biyu na tarar ya tafi la'asar, kuma na ji daɗin hakan, Allah ya yafe mini. Shekara goma sha bakwai bai taɓa tambayata komai ba. Ban sani ba ko bai gane ba ne, ko ya gane ya zaɓi shiru muddin ina cewa to. In na ce a'a, ban san wane Yaya zan gani ba. Kalma ɗaya daga bakinsa a majalisar ƙofar gida ta isa ta raba Ngozi da unguwar nan. Wannan karon ban yanke ni kaɗai ba. Na biya ta shagon Ngozi na faɗa mata duk abin da nake tsoro. Ta cire allura daga baki ta ce, "Yayanki ne, ke kika san shi. Ni dai ina so in ga gadon da 'yata za ta kwanta. In kin iya, to. In ba ki iya ba, kada ki sake saya mini almakashi."

Daga nan na wuce tasha, na yi magana da direban motar farko, ya ce zai ajiye mana kujera uku in mun iso kafin bakwai. A hanyar dawowa, wajen kasuwar Singa, na ga mata huɗu sun fito daga gidan biki, duk atamfa iri ɗaya, suna ta hira suna neman tasi. Ba wanda ya ko waiwaye su. Na tsaya a bakin titi kamar wadda aka dasa. Anko ne kawai. Duk ƙawayen Kano suna yi. Shekara goma sha bakwai ina duba littafi in ga ko ranar ɗaura atamfarmu tata ce ko tawa, a kan abin da ko mai acaɓa ba zai kalla ba. Na dawo na ciro atamfofin namu daga ƙasan adaka. Tata ta fi tawa koɗewa, don ta fi ni ɗaurawa.

Ban yi miki alkawarin zan iya ba. Kin san ni, zan iya tsayawa a gaban Yaya bakina ya sake cewa to. In haka ta faru, ki san laifina ne, kada ki ɗora wa kanki, kuma kada ki shiga kowace mota sai kin koma kin rungume ta a tsakar gida, kin kira ta da sunan da kike kiranta. Amsar tambayarki ta ranar Alhamis ita ce mu biyu, kamar yadda kika faɗa a Kwari.

Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, ya ba ki hannu mai sauƙi a kan marasa lafiya, ya dawo mana da ke lafiya ki same mu lafiya, mu biyun, a gidan nan. Ki yafe mini mintsinin nan da sauran.

Iyarki,
Yagana

Lahadi, abin da ya rage:

Bayan asuba, gidan Yaya kafin ya tayar da mota. A tsaye zan faɗa, kada in zauna.
Gugar atamfa: tata tukuna, sannan tawa.
Cincin a gwangwani, kada a sa a leda ya farfashe.
Ban haƙuri ga Ngozi. Da baki.
Tasha kafin bakwai. Fita tare, ba rata.
Takardar nan a ƙasan akwati.
In an sauke kaya za mu juyo, in kira 'yata da sunanta yadda za ta ji: Falmata.